Badamasi da Kuɗin Gadin Utaiƙa

Duk ɗan Nijeriyar da ya taɓa zama a unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad ya san Badamasi, ko yana so ko ba ya so, domin Badamasi ba ya jira a tambaye shi ko shi wane ne. Mutum ne gajere mai tumbi, muryarsa ta fi jikinsa girma. A wani sito yake aiki can Birnin Masana'antu na Biyu, inda yake wuni a bakin ƙofa yana ɗaga wa manyan motoci sandar ƙarfe su shige, in sun wuce ya sauke. Amma in ka ji shi yana ba da labari a gida, sai ka rantse tsaron ƙasar Saudiyya gaba ɗaya a wuyansa yake. Ya ce shi daga tafiyar mutum yake gane ɓarawo. Ya ce akwai ranar da ya tarwatsa gungun 'yan fashi da kujerar roba. Kullum aka maimaita labarin sai 'yan fashin sun ƙaru, kujerar dai tana nan guda.

Gidan da suke haya tsoho ne, irin wanda Larabawa ke kira hosh: benaye sun kewaye tsakar gida ɗaya, ƙofar shiga ma ɗaya. Mazauna kusan duk Hausawa ne, direbobi da magina da teloli, wasu da iyali wasu gwagware. Shekarun baya an taɓa ɗauke wa wani tukunyar gas, sai suka yi yarjejeniya cewa kowa zai riƙa ba da kuɗin gadi gwargwadon yawan ɗakunansa, a biya maigadi. Sharaɗin shi ne duk shekara sai an zauna an sabunta, in masu cewa a'a sun fi yawa a daina. Maigadin shi ne Maiwada, wani dattijo Bakatsine mai sanyin jiki, wanda rabin gadinsa gyangyaɗi ne, ɗaya rabin shan shayi.

Bana da lokacin sabuntawa ya zo sai aka samu tangarɗa. Malam Jibrin, shugaban masu haya, tsohon direban wani gida a unguwar Ulaya, ya tara mutane a tsakar gida bayan la'asar. Bai gama buɗe baki ba Hajiya Azumi mai tuwon sayarwa ta gyara zama. Ita ta fi kowa ɗakuna, don haka ita ta fi kowa biya.

"Malam, ni fa na gaji," in ji ta. "Tun da aka kawo Maiwada ko cokali ba a ɗauka ba a gidan nan. Kuɗin gadi muke biya ko kuɗin barci?"

Maiwada ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Ai shi ya sa ba a ɗauka ba, Hajiya," ya mayar ya rufe.

Nan Badamasi ya miƙe, ya ja wando sama ya rufe cibiya.

"Jama'a, ku yi shiru masana su yi magana. Hajiya, ke tuwo kika sani, ni tsaro na sani. Shirun nan da kike ji shi ne haɗarin. Ɓarayi suna can suna nazarinmu. Ba sabuntawa kaɗai za a yi ba, ƙari za a yi. A sayo jiniya, a sayo kyamara, a naɗa shugaban tsaro wanda ya san aikin."

"Wa ke nan?" in ji Hajiya.

"Ba na son yabon kaina."

"Yau ka fara?"

Aka bushe da dariya. Malam Jibrin ya tsawatar, ya ce kowa ya je ya yi tunani, Juma'a mai zuwa bayan la'asar za a ɗaga hannu a ƙirga. Badamasi ya ce kafin ranar zai nuna musu aikin tsaro kyauta, su gani da idonsu. Ba wanda ya ce masa to, amma ba wanda ya ce a'a da ƙarfi, shi kuma a wurinsa wannan naɗi ne.

Washegari ya dawo daga aiki da rigar nan mai ƙyalli ta masu gyaran titi, da usur a wuya. Ya ture kujerar Maiwada gefe ya kafa tasa a tsakiyar ƙofa. Duk wanda zai shiga sai ya faɗi sunansa da ɗakin da za shi, har mutanen da suka riga shi zama a gidan. Matarsa Rekiya ta dawo daga kanti da leda, ya tare ta.

"Suna?"

"Baban Kamila, lafiyarka kuwa?"

"A bakin aiki ba ni da mata. Suna?"

"To a kicin ma ba ka da ita," ta ce, ta bangaje shi ta wuce.

Ana cikin haka sai ga motar ruwa. Tsakiyar bazara ake, famfon unguwar ba ya wadatar da su, sai an sayi ruwa an cika tankuna. Direban wani ɗan Pakistan ne mai jan gemu, ya daɗe yana kawo musu. Ya yi ham. Badamasi ya taka a hankali, hannu a baya, ya kewaye motar, ya ƙwanƙwasa tankin, ya kara kunne.

"Me ke ciki?" ya tambaya da gurɓataccen Larabcinsa.

"Ruwa," in ji direban.

"Wa ya sani? Kawo iƙama." Wato katin izinin zama.

"Kai wane ne?"

"Mudir na tsaro." Wato shugaban tsaro.

Direban ya dube shi daga hula har silifa, ya ce wata magana da harshensu wadda ba sai an fassara ba, ya ja motarsa da baya ya tafi. Badamasi ya busa usur a bayansa, ya juyo yana murmushi.

"Ka gani, Baba Maiwada? Mara gaskiya ba ya tsayawa."

"Na gani," in ji Maiwada. "Ruwanmu ne dai ya tafi."

Kwana biyu ba ɗigon ruwa a gidan. Magina suka kwana da siminti a jiki. Masu alwala suka koma masallacin bakin kasuwa. Hajiya Azumi ta tsaya a ƙofar ɗakin Badamasi da tulin kwanukan da ba a wanke ba, ta ce wa Rekiya ta miƙa wa mudir ya lashe su. Sai da Malam Jibrin ya kira direban a waya ya yi ta ba shi haƙuri, ya yi alkawarin mai usur ba zai kusanci motar ba, sannan ruwa ya dawo.

Wani zai ji kunya. Badamasi cewa ya yi wannan gwaji ne, kuma an ci nasara, domin yanzu duk direbobin Riyad sun san gidan nan ba a shigarsa da wasa.

Daga nan ya nufi kasuwar gwanjo ya sayo wata tsohuwar jiniya, irin mai ido da ke kuka in abu ya gifta. Mai sayarwar ya ce daga wani kamfani aka cire ta, a nemi mai gyaran wuta ya ɗaura. Badamasi ya ce shi da ke kula da sito guda ba zai biya wani ya haɗa masa waya biyu ba. Ya hau kujera ya buɗe akwatin wutar gidan, ya tura jan waya nan, baƙar waya can, ya naɗe da salatif.

Da tsakar rana, lokacin da zafin Riyad ke narkar da kwalta, kowa ya shige ɗaki ya kunna esi, sai wata kyanwa ta zo wucewa. Jiniya ta saki wata irin ƙara kamar ana yanka jaki. Jarirai suka tsala ihu. Wani direba da ya yi aikin kwana ya faɗo daga kan gado ya fito da gajeren wando yana salati. Kafin a gane daga ina ne, akwatin wuta ya yi tartsatsi, ya yi tas, komai ya mutu: jiniya, da esi, da firji, da fanka.

Badamasi ya fito da gudu yana busa usur. "Kowa ya tsaya inda yake! An shigo!"

"Ga ɓarawonka can," in ji Hajiya Azumi, tana nuna kyanwar da ta hau katanga tana lasar ƙafa.

"Hajiya, ba ki san dabarar ɓarayin zamani ba. Kyanwa suke fara turowa."

"Allah ya sa su turo wadda za ta ɗauke ka."

Kafin mai gyara ya zo ya gama, naman Hajiya na cikin firiza ya yi wari, miyar kukar da ta tanadar wa masu sayen dare ta yi tsami. Mutanen da a da suke cewa a sabunta kuɗin gadi don tausayin Maiwada suka fara cewa in dai tsaro shi ne wannan, gara ɓarayin, su dai ba sa kashe esi.

Labarin ya iso kunnen Badamasi. Ya ga muƙami na shirin kuɓuce masa tun bai hau ba. Ya zauna ya yi tunani, abin da ba ya yawan yi, kuma da ma bai yi ba. Ya ce a ransa mutanen nan ba za su san darajar tsaro ba sai an yi musu sata. Tunda ɓarayi sun ƙi zuwa, shi zai taimaka musu. Zai ɓoye wani abu mai daraja, gida ya rikice, a zo taro a firgice, a ɗaga hannu a sabunta, a naɗa shi, sannan ya yi bincike ya gano abin a gaban kowa.

Abin da zai ɓoye ma yana ɗaure a tsakar gida. Ghazali tela, wani saurayin magidanci mai saurin fushi, matarsa ta haifa masa ɗan fari, suna ranar Asabar. Ya sayo ƙaton rago mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ɗaure a inuwar matattakala, kullum sai ya zo ya shafa shi ya ɗauki hotonsa ya tura wa dangi a Zariya.

Ranar Juma'a da hantsi Badamasi ya shiga kicin ya ɗauki kabejin Rekiya guda, ya kwance igiyar shanyarta.

"Ina za ka da kabejina?"

"Aikin tsaro ne."

"Igiyar fa?"

"Rekiya, akwai abubuwan da farar hula ba sa tambaya."

Maza suka tafi masallaci, Maiwada ya kulle ƙofar gida ya bi su, mata suna ɗaka, ƙarar esi ta cika ko'ina. Badamasi ya ce shi yau wani masallacin zai je, ya laɓe a bayan matattakala. Da gida ya yi tsit ya fito, ya kwance rago, ya ɗaura masa igiyar shanya, ya nuna masa kabeji.

Ragon ya ci kabejin, ya ƙi matattakala. Badamasi ya ja, rago ya toge. Ya koma baya ya tura, rago ya sakar masa kashi a kan ƙafa. Ya rungumo shi zai ɗauka, rago ya juya ya ba shi ƙaho a tumbi, sai da ya zauna a kan mataki yana neman numfashi kamar kifin da aka jefo tudu. Da ja da turi da roƙo da zagi suka kai saman bene. Ƙofar saman ta ƙarfe ce, ta ciki kaɗai ake buɗe ta, don haka ya tokare ta da bulo, ya ja ragon can bayan tankin ruwa ya ɗaure a jikin bututu, ya fito ya rufe. Juma'a dai ta wuce shi. Ya sauko ya wanke ƙafa, ya jira a ɗaki.

Ihun Ghazali ne ya sanar da shi an sauko daga masallaci.

"Ragona! Ina ragona?"

Nan da nan tsakar gida ta cika. Ghazali ya ci kwalar Maiwada yana girgiza shi.

"Kai ne maigadi! Ina ragona?"

"Ɗana, wallahi na kulle ƙofa, ga makullin a aljihuna."

"To ta sama ya tashi?"

Sai ga Badamasi da rigarsa mai ƙyalli, yana tafe yana tura mutane gefe. Ya durƙusa inda aka kwance ragon, ya shinshina ƙasa, ya ɗaga wani ɗan kashi ya duba shi a rana.

"Ƙwararru ne," ya ce. "Ba su gaza huɗu ba. Na faɗa muku, kuka yi dariya."

"Ƙofa a kulle take," in ji Malam Jibrin. "Ta ina suka fita da rago?"

"Ta katanga, Malam. Da injin ɗaga kaya."

"Injin ɗaga kaya ya zo lungun nan ban ji ba?" in ji Hajiya Azumi.

"Akwai marasa ƙara. Ba a sayar wa kowa."

Badamasi yana cikin jin daɗin yadda idanu suka koma kansa, sai Ghazali ya saki Maiwada ya zaro waya.

"Ni ba ruwana da inji. 'Yan sanda zan kira."

Kowa ya san abin da zuwan 'yan sanda ke nufi. Ba rago za su fara tambaya ba, iƙama za su fara tambaya, kuma a gidan akwai waɗanda tasu ta ƙare suna jiran kafili, uban gidan da ya tsaya musu, ya sabunta, akwai wanda ya bar uban gidansa yana aikin wani. In aka kwashe su, sai gidan tsare baƙi, sai jirgi. Wasu magina biyu suka fara ja da baya a hankali. Wani ya tuna ya bar tukunya a wuta, alhali ba ya girki.

Malam Jibrin ya riƙe hannun Ghazali. "Don Allah, ɗana. Rago ana sayen wani. In aka tafi da mutane fa? Akwai masu 'ya'ya a gida suna jiransu."

"Baba, gobe suna. Na tura wa duniya hotonsa. Me zan yanka, kyanwa?"

Aka yi ta roƙo. Da ƙyar ya ce ya ji, amma in aka idar da la'asar ba rago, wallahi sai ya kira, kuma sunan Maiwada zai fara bayarwa. Dattijon ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya riƙe.

Badamasi ya koma gefe. Ba haka ya tsara ba. A tsarinsa ba 'yan sanda, kuma in suka zo saman bene za su fara hawa. Dole rago ya bayyana kafin la'asar. Sai ya daka tsawa ya rarraba mutane, wasu su tafi kasuwar kayan gwari, wasu mahauta, wasu bakin titi, don gidan ya zama ba kowa ya sauko da ragon ya ce a bayan gida ya tsince shi. Maza suka watse. Hajiya Azumi kuwa ta jawo kujerarta ta dasa a gaban matattakala, ta hau yankan kuɓewa.

"Hajiya, ba za ki shiga ciki ba? Rana fa."

"Ina tsare sauran kayanmu ne kafin injin ya dawo."

Ya yi ta kai-kawo, ta ƙi motsi. Lokaci na tafiya. A ƙarshe ya ce zai hau sama ya nazarci unguwa daga bisa, haka ƙwararru ke yi. A ransa yana cewa ya dai isa ga ragon, wata dabarar za ta zo.

Ya haye da sauri, ya tura ƙofa ya shige. Garin gaggawa ya manta da bulo. Iska ta kaɗa ƙofar, ta rufe garam a bayansa.

Ya juyo ke nan suka yi ido huɗu da rago. Dabbar ta sha rana tun lokacin sallar Juma'a, ba ruwa ba inuwa, ta tauna igiyar shanya ta tsinke. Ta kuma gane shi.

"Haba abokina," in ji Badamasi. "Ni ne na kabeji."

Rago ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

Karon farko a cinya ya same shi. Na biyu a mazaunai, lokacin da ya juya yana jijjiga ƙofa. Ya zuba da gudu, silifa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, tafin ƙafarsa ya sauka a kan simintin da zai iya gasa gurasa. Suka kewaye tanki, suka sake kewayewa. Wayarsa ta faɗo daga aljihu, rago ya taka ta ya wuce. Da ya ga mutuwa muraran, sai ya kama tsanin tanki ya haye, ya zauna a kan murfin. Murfin ya fi simintin zafi. Ya tsuguna, ƙafa ta ƙone. Ya zauna, wajen zama ya ƙone. Ya cire rigar ƙyalli ya shimfiɗa, ta fara narkewa tana manne masa a wando. Rago ya tsaya a ƙasa yana kallonsa, lokaci lokaci ya kai wa tsanin karo don kada a manta da shi.

Badamasi ya ƙudura ba zai yi ihu ba. Ya daure. Gumi ya ƙare, harshe ya bushe. Ya ji kiran la'asar. Ya ji mutane suna dawowa daga nema hannu wofi, suna taruwa a tsakar gida. Tankin a bakin katangar sama yake, in ya leƙa yana ganinsu. Ya ga Malam Jibrin yana roƙo, ya ga Maiwada a durƙushe, ya ga Ghazali ya ɗaga waya ya fara dannawa.

Ba tausayi ne ya buɗe bakinsa ba. A daidai lokacin rago ya kai wani karon da ya girgiza tankin gaba ɗaya.

"Wayyo Allah! Jama'a! Ku taimaka!"

Duk kawuna suka ɗaga sama. Ga shugaban tsaro tsugune a kan tankin ruwa da singileti, ba takalmi, usur na lilo a wuya. Kafin wani ya yi magana, rago ya ɗora ƙafafun gaba a kan katanga, ya leƙo, ya yi kuka.

"Ragona!" in ji Ghazali.

Badamasi ya haɗiye yawun da babu. "Alhamdu lillahi! Na gano maɓoyarsu! Na ƙwato shi!"

"Ina ɓarayin?" Malam Jibrin ya tambaya.

"Sun tsere, Malam. Da suka gan ni suka dira."

"Daga saman bene?"

"Na ce muku ƙwararru ne."

"To sauko mana da shi," in ji Hajiya Azumi.

"Ina tsare wurin ne saboda shaida."

Rekiya ta fito daga cikin mata, ta kare ido da hannu tana duban wuyan ragon.

"Baban Kamila, wannan ba igiyar shanyata ba ce?"

"Igiya ai duk kama suke."

"Har da maƙalin kayana guda biyu a jiki? Kabejin nawa ma ɓarayin ka kai wa?"

Sannan tsakar gidan ta fashe. Masu dariya na yi, masu zagi na yi. Maginan da suka ɓuya a banɗaki suka fito suna neman sanda. Maiwada ya miƙe a hankali ya mayar da hularsa, ya dubi sama, ya tofar da yawu.

Ghazali ya haye da gudu ya buɗe ƙofa. Ragon da ya kusa kashe mutum ya biyo mai shi salin alin. Badamasi ya fara saukowa daga tsani.

"Dakata," in ji Ghazali. "Tsare shaidarka." Ya ja ƙofar ya rufe.

"Malam Jibrin! Baba! Ku ce ya buɗe! Ina ƙonewa!"

Malam Jibrin ya dubi rana, ya ga ta yi sanyi, inuwar tanki ma ta faɗo, mutum ba zai mutu ba. Ya ce tunda kowa na nan, a gama abin da ya tara su tukuna. Masu son a sabunta kuɗin gadi su ɗaga hannu.

Hannun Hajiya Azumi ne ya fara tashi, da wuƙar kuɓewa a ciki.

"Na janye maganata," ta ce. "Da na ce ba ɓarawo. Ashe muna da namu na gida, har da usur. A sabunta. Amma da sharaɗi. Maiwada ya bar ƙofa, ba abin da ke shigowa ta nan. Wancan na kan tanki zai riƙa tsarewa. In ya doshi akwatin wuta, ko motar ruwa, ko dabbar wani, a kwaɗa masa sanda."

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, wasu ma biyu biyu. Daga saman tanki Badamasi ya ɗaga nasa.

"Ka sauke," in ji Malam Jibrin. "Ba a ƙirga na sama."

Sai da aka yi addu'a aka shafa sannan aka buɗe masa. Ya sauko yana taka gefen ƙafa, wando manne da narkakkiyar riga, ya ratsa ta tsakiyar mutane kansa a sama kamar mai duba fareti. Rekiya ta riga shi shiga ɗaki. Abin da ta faɗa masa a ciki ba a ji duka ba, amma an ji inda ta ce ko kuɗin kabejin ba za ta yafe ba.

Washegari aka yi suna, aka yanka rago, gida ya cika da baƙi. Mutane sun ɗauka Badamasi ba zai fito ba. Kafin a sauke tukunyar farko sai ga shi cikin farar jallabiya, ƙafafu naɗe da bandeji, ya samu tabarma ya zauna a karkace a kan cinya ɗaya. Maiwada ya jawo kujera ya zauna a bayansa, sanda a kan gwiwa, yau ba gyangyaɗi. Badamasi ya tashi ɗebo ruwa, Maiwada ya bi shi. Ya dawo, Maiwada ya dawo.

A kusa da Badamasi akwai wani baƙo, Alhaji Basiru, ma'aikacin ofishin jakadanci, wanda bai san kowa a gidan ba sai Ghazali. Kafin a kawo nama Badamasi ya riga ya ba shi labarin yadda mutanen gidan nan suka so su watsar da tsaro, da yadda shi kaɗai ya tsaya, ya shirya wani atisaye na musamman, har aka sabunta kuɗin gadi ba hamayya ko ɗaya.

"Ba hamayya?" in ji baƙon. "Lallai ka yi ƙoƙari. Ƙafar fa?"

"Raunin bakin aiki ne, Alhaji. Mun saba."

Alhaji Basiru ya gyaɗa kai cike da girmamawa. Sannan ya saci kallon dattijon da ke zaune a bayansu ya ƙura wa ƙeyar Badamasi ido, ya rage murya.

"Wannan bawan Allah fa? Na ga duk inda ka yi yana biye da kai."

Badamasi ya waiwaya, ya dubi Maiwada, ya dubi sandar, ya gyara zaman jallabiya.

"Mai tsaron lafiyata ne," ya ce. "Jama'a ne suka matsa, su suke biyansa."